Kwana Biyu a Gadon Asibiti, Aka Ce Ba a Kwantar da Shi Ba

Da sunan Allah, wanda bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Na rubuta wannan ne don 'yan'uwanmu mazauna Jidda da ke da tsoho a gida, musamman masu riƙe da katin inshorar lafiya, wanda a nan muke kira tamin, suna ganin shi ke nan sun huta. Mu ma haka muka ɗauka.

Ni mutumin Katsina ne, aikin gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya kawo ni Jidda. A nan na auri Hindatu, 'yar Alhaji Mamman, mutumin Tasawa ta ƙasar Nijar. Baba, kamar yadda nake kiransa, ya kusa shekara arba'in yana auna yadi a wani kanti a Bab Makka, tun uban kafilinsa na yanzu, wato ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, yana da rai. Matarsa ta rasu da jimawa. 'Ya'yansa uku duk mata, biyu suna aure a gida, Hindatu ce kaɗai a kusa da shi. Bai taɓa kiran sunana ba, Muhandis, wato injiniya, yake ce mini, ni kuma ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

A shekarun da aka fara tilasta wa masu kamfani su yi wa ma'aikatansu tamin, kafilin Baba ya yi masa kati. Mafi araha ne, amma Baba bai san katunan hawa-hawa ne ba. Ya sa shi cikin jakar iƙamarsa, wato katin izinin zama, kowa ya zo sai ya nuna masa, yana cewa, "Yanzu ko na faɗi, akwai mai ɗauka."

Abin ya fara ne wata Juma'a, a gidanmu a Ammariyya. Mun dawo daga masallaci, Hindatu ta kai masa abinci falo, ni ina ɗaki da nawa. Sai na ji ta ƙwala kira. Na fito na tarar lomar shinkafa ta zube masa a riga, hannun dama ya saki, bakinsa ya karkace. Yana son yin magana, harshen ya ƙi. Kafin in sauka in kawo mota ƙofa in dawo, bakin ya koma daidai, yana kakkaɓe riga yana cewa, "Halas, ya wuce. Zafin rana ne." Sai da Hindatu ta yi kuka sannan ya yarda ya shiga mota.

Muka je ɗaya daga cikin asibitocin da katin ya yarda da su. Bayan layin karɓar kati da layin awon jini, aka ba shi gado a wani babban ɗaki a hawan ƙasa, gadaje a jere, labule tsakaninsu. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa, aka manna masa wayoyi a ƙirji. Wani ma'aikaci ya miƙo mini takarda, na sa hannu. Larabcina na aiki ne da na masallaci, ba na ofis ba, kuma hankalina ba ya wurin takarda. Baba ya kwana biyu a gadon nan, ana kawo masa abinci sau uku, likitoci na zagayowa. Ba laifi, sun kula da shi. Likitan da ya sallame mu ɗan Sudan ne, dogo mai furfura a gemu, kuma maganarsa har yau tana kunnena. Ya ce, "Wannan ƙwanƙwasa ƙofa aka yi. Mai ƙwanƙwasawar yana dawowa, kuma ba kullum yake sallama ba." Ya rubuta a yi wa Baba hoton ƙwaƙwalwa da na jijiyoyin wuya, ya ce sai kamfanin tamin ya ba da izini, abin da suke kira muwafaƙa.

Na je tagar sallama da katin a hannu, ina tsammanin hatimi kawai za a buga. Saurayin da ke wurin ya duba na'ura ya ce tamin ya biya awowin farko na gaggawa, sauran namu ne.

Na ce, "Yaya namu? An kwantar da shi kwana biyu fa."

Ya ce, "Ba a kwantar da shi ba. Mulahaza ce, ba tanwim ba."

Sai da ya maimaita sau uku na gane. Tanwim shi ne a karɓi mutum a matsayin wanda asibiti ya kwantar. Mulahaza kuwa sa ido ne, a ajiye shi a ga abin da zai faru. Gado ɗaya, ƙarin ruwa ɗaya, amma a takarda Baba mai zuwa ya koma ne, kuma katinsa ba ya biyan irin wannan zama in ya wuce 'yan awowi. Takardar da na sa wa hannu ta faɗi haka. Na ɗaga murya har mai gadi ya matso. Kuɗin ya kusa albashin Baba na wata uku. Na so in ɓoye masa, amma ya ji hayaniyar daga inda yake zaune. Ya rantse ba zan biya ko riyal ɗaya ba, ya aiki Hindatu ta ɗauko abin da yake tarawa don rufin ɗakinsa na Tasawa.

Mako na biyu ya tafi a jiran muwafaƙa da karɓar shawara. Kullum na buga waya, sai a ce takarda tana kan teburin wani. Masu dubiya kuwa, Allah ya saka musu, kowa da maganinsa. Wani ya ce a yi masa ƙaho. Wata ta kawo habbatus sauda da zuma. Wani ɗan Chadi abokin Baba ya ce iska ce ta buge shi a hanyar masallaci. Baba ya karɓi duka da godiya, ya koma kanti a rana ta huɗu. Da na ambaci asibiti sai ya ce, "Muhandis, wurin da kwana biyu ya cinye rufin ɗaki, in na yi mako ai da gidan za su tafi."

Ana cikin haka Gwaggo Dije ta dawo daga Madina, inda ta je wa jikarta wankan jego. Yayar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta ba shi shekara huɗu ko biyar. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, tana zaune ita kaɗai a ɗaki ɗaya a unguwar Karantina. Abin da na sani game da ita a lokacin shi ne ta taɓa aikin shara, kuma ba ta iya karatu ba. Ban san sharar a asibitoci ta yi ta ba, shekara ashirin da biyu.

Ta zauna a tabarma ta saurari labarin har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Sannan ta ce, "An hau da shi sama?"

Na ce a'a, a ƙasa muka zauna.

"An ɗaura masa abin roba a hannu, mai sunansa da lambar ɗaki?"

Na ce ban ga lambar ɗaki ba.

Ta ce, "To ba a kwantar da shi ba, ɗan nan. Ko wata ya yi a ɗakin ƙasa, baƙo ne. Ni na goge ɗakin nan, na ga masu kuka a tagar nan sun fi gashin kanka. Kuma da ka yi wa yaron taga ihu, me ya ba ka? Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Shi abin da aka rubuta yake karantawa. Wurin mai rubutawa ake zuwa, tun biro bai taɓa takarda ba."

Kunya ta kama ni. Ni mai takardar makaranta, ita ko sunanta ba ta iya rubutawa.

Da Baba ya zo da yamma ta zuba masa ido. Ta ga ya karɓi kofin shayi da hagu. Washegari ta hau mota ta tafi Bab Makka, ta jira Baba ya tafi sallar azahar, ta tsare abokin aikinsa ɗan Yaman da tambaya. Ashe sau uku almakashi ya suɓuce wa Baba a makon nan, sau ɗaya kuma ya tsaya tsakiyar ciniki ya kasa faɗin kuɗin yadi. Ya roƙi mutumin kada ya gaya wa kowa. Daga can ta wuce gidanmu, ta sa na ɗauko takarda na rubuta kowanne da ɗan Larabcina, da ranarsa da lokacinsa da tsawon da ya ɗauka. Ta naɗe takardar ta ƙulle a bakin mayafinta. Ta yi wa Baba faɗa irin na ya da ƙane, amma ya kafe a kan ba ya komawa asibiti sai muwafaƙa ta fito.

Ba ta fito ba. Ranar Talata ta mako na uku, da hantsi, ɗan Yaman ya kira ni ya ce Baba ya faɗi a bayan kanta. Na bar aiki na ɗauko shi, Hindatu ta biya ta ɗauko Gwaggo a tasi. Kafin mu isa asibiti bakinsa ya ɗan dawo, amma ƙafar dama tana ja, hannun kuma ba ya ɗaguwa. Likitan da muka tarar matashi ne. Ya duba shi ya ce alamun suna sauƙi, za a sa shi a mulahaza a gani zuwa gobe. Ga ma'aikaci nan ya iso da irin takardar nan.

Gwaggo ta dafe hannuna ta ce, "Kada ka sa. Ba mu ƙi magani ba, su ci gaba da aikinsu. Ka ce su ba mu minti goma."

Na zaci ofishin shugaban asibiti za ta nema. Sai na ga ta nufi wasu mata biyu masu goge ƙasa a bakin lif, ta gaishe su kamar ta san su, ta tambayi gida da gajiya. Cikin 'yan mintoci ta san cewa likitan nan ɗan Sudan yana hawa na uku, kuma yana saukowa ta wannan matakalar in ya gama zagaye. Nan ta tsaya. Da ya sauko ta tare shi da Larabcin Hijaz tsantsa, irin wanda ni har yau ban iya ba. Ta kwance bakin mayafi ta miƙa masa takardar.

Ta ce, "Ya duktur, ni ba ƙarya na ce ka rubuta ba. Allah ya tsare ka, ya tsare ni. Cewa na yi ka rubuta duka. Yaron can na yau kawai ya gani. Wannan na biyar ne tun da ka sallame shi."

Ya karanta, ya dube ta, ya sake karantawa. Ya tambaya ko an yi hoton da ya rubuta. Na ce muwafaƙa muke jira, mako biyu ke nan. Ransa ya ɓaci, ya juya ya shiga wurin Baba. Da ya fito ya ce ya sa a yi hoton yanzu a matsayin gaggawa, kuma ya rubuta buƙatar tanwim.

Wajen azahar amsar kamfanin ta zo: hujja ba ta isa ba, a ci gaba da sa ido. Na ce wa Gwaggo mu haƙura, zan nemi kuɗin ko ta halin ƙaƙa. Ta ce, "Yau kuɗin kwana biyu ne. Gobe in ya fita, gashin ƙashi da magani duk za su ce ba su san zancen ba, tunda ba a taɓa kwantar da shi ba. Je ka wurin surukinka. Wannan ƙofar tawa ce."

Ta jawo kujerar roba ta ajiye a bakin ofishin da ake aika takardun tamin, ta fito da carbi. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Duk lokacin da ma'aikacin ofishin ya fito, sai ta gaishe shi, ta yi wa mahaifiyarsa addu'a, ta ce, "Ka sake aikawa, ɗana?" In ya ce sai sakamakon hoto, sai ta tashi ta je ta tsaya a ɗakin hoto har a ba da shi, ta raka mai kaiwa. A nan ta yi azahar, a nan ta yi la'asar. Hindatu ta kawo mata sanwici, Gwaggo ta ce azumi take, ashe ba azumin take ba, ba ta so ma'aikacin ya fito ya tarar da bakinta cike. Daga baya mutumin da kansa ya hau sama ya roƙi likita ya sauko ya kira likitan kamfanin a waya. Ina jin muryar ɗan Sudan ɗin daga baranda, yana karanto ranakun da na rubuta ɗaya bayan ɗaya. Kafin magariba muwafaƙa ta fito. Aka ɗaura wa Baba abin roba mai lambar ɗaki, aka tura gadonsa cikin lif.

Ina godiya ga likitan nan da ma'aikacin nan har gobe. Amma ba zan ɓoye ƙorafina ba. Hoton ya nuna jijiyar wuyan Baba ta ƙuntace, kuma likita ya ce da an gani tun makon farko, da an canza masa magani. Ko hakan zai hana abin da ya faru, Allah ne masani. Mako biyu dai takarda ta yi tana barci a teburin wani.

Kwana tara Baba ya yi a sama, kuma a nan jarrabawata ta zo. Ɗakin maza ne, namiji kaɗai ake bari ya zauna da majinyaci, mata sai lokacin dubiya. Baba ba shi da ɗa, sai ni. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi sosai ba, yanzu ni zan kai shi bayi, ni zan yi masa wanka. Ranar farko muka wuni kamar baƙi biyu a tasha. In na miƙa masa ruwa sai ya kau da kai. Na ɗauka ciwon ne.

Gwaggo na shigowa da la'asar ta dubi gorar ruwa a cike, ta dubi leɓɓansa a bushe, ta gane. Ta ja labule ta ce, "Mamman, ƙishirwa za ka kashe kanka da ita don kada surukinka ya kai ka bayi? Ni na goya ka, ni na wanke ka, da za su bar ni da na sake. Ba za su bar ni ba. Ba ka haifi namiji ba, Allah ya aiko maka da wannan daga Katsina. Sha ruwa."

Ya sha, hawaye na bin gefen fuskar da ta saki.

A baranda ta koya mini aikin. Yadda zan sa kafaɗata ƙarƙashin hammatar da ta mutu, ba mai lafiyar ba. Yadda zan juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Yadda zan rufa masa tawul in yi wankan ta ƙarƙashi, ba tare da na buɗe shi ba. Ta ce, "Kuma kada ka yi shiru. Shirun ne ke kashe su da kunya. Ja shi da hirar abin da ya fi ka sani." Washegari da na jiƙa soso, sai na ce, "Baba, wai yaya ake gane shadda ta gaske da ta jabu?" Sai ya fara bayani da harshensa mai nauyi, kalma ɗaya-ɗaya. Kafin ya gama zancen sheƙi da nauyi da yadda ake murza gefen yadi, na gama wankan na sa masa riga. Haka muka yi kullum. Da ya tashi fita, na san yadi kamar ɗan kanti, shi kuma harshensa ya warware fiye da yadda likita ya zata.

Aka sallame shi, a wannan karon hatimi kawai aka buga. Muka dawo da shi gidanmu. Tamin ya yarda da gashin ƙashi sau shida, ya ce iyakarsa ke nan, alhali hannun bai fara riƙe cokali ba. Gwaggo ta raka shi duka shidan, ta zauna a gefe tana kallon abin da ake yi masa. Da suka ƙare ta kwaso 'yan kayanta ta tare a falonmu. Kowace safiya ta haɗa wake da shinkafa a faranti ta ce ya tsince da hannun dama. Ta ba shi maɓallai ya sa, ta ba shi zanen gado ya ninke. In ya yi fushi ya ture farantin, sai ta tattara ta sake ajiye masa. A mako na bakwai ya yanka ƙyalle da almakashi, a karkace, amma ya yanka.

Kafilinsa ya zo dubiya sau biyu, ya kuma biya shi albashin watannin da bai yi aiki ba, Allah ya saka masa. Sai dai da lokacin sabunta iƙama ya matso, ya gaya mana gaskiya: ba a sabunta iƙama sai da tamin, kuɗin da ake nema kuwa kafin a sabunta tamin na mai shekarun Baba, kuma mai irin ciwonsa, ya fi ƙarfin kantin. Baba bai bari ya gama ba. Ya ce dama ya gaji, gida zai koma. Da sandarsa ya hau jirgi, da ƙafarsa. Yanzu yana Tasawa wurin babbar 'yarsa, yana zuwa masallaci da kansa.

Ga abin da nake roƙon mai karatu. Ban ce kowane kati haka yake ba, namu dai haka ya yi mana. In an ba tsohonka gado, kada gadon ya ruɗe ka. Ka tambaya tun a awar farko, mulahaza ce ko tanwim, kuma wanne katin ke biya. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Ka rubuta duk abin da ka gani a jikinsa a gida, domin tsofaffinmu suna ɓoye ciwo don tausayin aljihunmu. Kuma ka gai da masu shara.

Ranar da muka raka Baba filin jirgi, ni na mayar da Gwaggo Karantina. Mota ba ta shiga lungunsu, sai muka taka. Na ga tana tafiya tana dafa bango. Da muka isa ta zauna a bakin ƙofa ta cire takalmi, sai na ga ƙafafunta a kumbure, har igiyar takalmin ta yi musu shata. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce an jima, ba wani abu ba ne. Na ce gobe in sha Allahu zan zo mu je a duba ta, ta ba ni katinta in ga asibitin da yake karɓa.

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Wane kati? Ni na bar aiki tun kafin ya iso kan masu shara."

Na tsaya ina kallonta. Wata biyu tana yaƙi a kan katin wani, ita ba ta da ko mafi arahar. Na ce, "To Gwaggo, ke ranar da kika kwanta, wa zai zauna miki a bakin ƙofa?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Kai a tsammaninka wa nake ta koya wa tun wata biyu?"

Ƙarfe bakwai na safe na isa lungun. Na tarar har ta shirya, tana zaune da mayafinta tana jirana.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ƙara wa masu jinyarsu haƙuri, ya sa kada mu rasa mai tsaya mana.